Shagon kofin da ke ƙasan gidanmu a Torino

Assalamu alaikum Yaya, fatan kun wuni lafiya, ya Hajiya da jiki, ya yara da karatu. Allah ya ƙara mata sauƙi yasa kaffara ne.

Kan maganar wajen shayin nan da kake son buɗewa, da kace in duba maka yadda mutanen nan suke tafiyar da irin wannan sana'ar, to ba sai naje da nisa ba, don a ƙasan benen da nake haya akwai wani shago da iyali ɗaya ke riƙe dashi tun shekarun 1960, bar suke ce masa, kuma irinsa sun cika Italiya, da wuya ka bi layi ɗaya baka ga guda ko biyu ba. Na san abin da ya zo maka a rai, eh ana saida giya a ciki, bazan ɓoye maka ba kuma zan zo kan wannan. Amma daga asuba har la'asar abin da ke tafiya a wurin kofi ne da madara da biredi, nan ma'aikata ke karyawa, nan tsofaffi ke karanta jarida, nan ake barin makulli da saƙo, in ɗan aike ya kawo maka kaya baka gida nan zai ajiye. Duk hidimar da teburin mai shayi yake wa unguwa a Kano ita wannan shagon yake yi a nan, kuma abin da ya fi tsaya min a rai shine yadda ɗan wuri irin wannan, da 'yan teburansa da basu taka kara sun karya ba, ya kai hannun jikoki bai mutu ba.

Unguwar tamu sunanta San Salvario, tana manne da babbar tashar jirgin ƙasa ta Porta Nuova, ɗaya gefen kuma lambun Valentino ne da kogin Po. Unguwa ce ta haɗaka, cikin 'yan mintuna a ƙafa zaka wuce coci biyu, wurin ibadar Yahudawa, da ƙananan masallatanmu da ke cikin gidaje, ga 'yan Maroko ga 'yan Masar, Senegal, Bangladesh, Peru, Romaniya, ga mu 'yan Najeriya.

Shida saura ake ɗage ƙofar ƙarfen shagon. Maigidan, wato ɗan waɗanda suka sayi wurin, shi da kansa yake tsayawa a bayan kanta, mutum ne da ya haura sittin amma kallon hannunsa kawai abin kallo ne. Zai cire mariƙin injin ya buga shi a jikin aljihun tebur tsohon garin kofin ya zube, ya tara a ƙarƙashin injin niƙa sabo ya sauko, ya danne, ya murɗa shi a jikin injin, ya ɗauko finjali daga saman injin inda suke shan ɗumi, kafin kofin ya gama tsiyaya ya riga ya ajiye maka ɗan faranti da cokali da ɗan ƙaramin kofin ruwa mai gas a gabanka, duk wannan bai kai minti ɗaya ba kuma bakinsa bai daina hira ba. Ranar da garin yake da laima zaka ga ya taɓa injin niƙan ya ɗan sauya laushin garin, yace in bai yi haka ba ɗanɗanon zai canza. Kuma baya tambayar mutanen unguwa me zasu sha, yana hango mutum ta gilashi ya fara haɗa nasa, wannan da madara kaɗan, wancan ba sukari, waccan a kofin gilas take so. Nima yanzu da na shigo sai dai yace barka da asuba ya turo min nawa.

Kofin fa ɗan mitsitsi ne Yaya, kurɓa biyu ya ƙare, a tsaye ake sha a wuce, kuɗinsa yuro 1.20 zuwa 1.30 a yawancin wurare yanzu, da can yuro 1 ne na tsawon shekaru. Mai son madara sai ya sha kafucino ya haɗa da ɗan biredi mai zaƙi da suke kira briyosh, duka wajen yuro 3. Wannan shine karin kumallon mutum, babba da gemunsa zai ci wannan ya tafi aiki har ƙarfe ɗaya. Ta fannin ƙoshi kam wallahi mai shayinmu ya yi musu nisa, kofi cike da shayi mai kauri, rabin biredi da bota, ƙwai uku, ko Indomie, ka tashi ka yi dako har azahar baka ji komai ba. Amma inda suka fi mu, abin da ka sha yau shi zaka sha gobe shi zaka sha baɗi. Madararsu ta shanu ce sabuwa, mota mai firji ke kawowa da sassafe, ba ta gwangwani ba ba ta gari ba. Mu kuwa da an ƙara wa madara kuɗi a Singa sai shayin ya tsinke, biredin ya ƙanƙance, kuma ni ban ga laifin mai shayi ba, mutumin da farashi ke canza masa duk sati ya zai yi.

Shi kansa garin yana da tarihi da kofi, a nan Torino ne wani Angelo Moriondo ya yi rajistar injin dafa kofi da tururi a 1884, a cikin lambun Valentino ɗin nan na bayanmu aka baje kolinsa, kuma kamfanin Lavazza da ƙaramin kantin kayan masarufi ya fara a garin nan a 1895. Wani abu da zai maka amfani, injin nan da ke shagon mai tsada ne sosai amma ba su suka saya ba, kamfanin da ke kawo musu 'ya'yan kofi ne ya basu aro, da finjalai da allon suna, sharaɗin kawai a wajensa zasu riƙa saye, in injin ya samu matsala da waya ɗaya makaniki zai zo a ranar. Tsarin firjin da kamfanin lemo ke ba masu shago a gida ne, sai dai nan an kai shi har kan babban jarin sana'ar.

Farashi a manne yake a bango, doka ce. Na tsaye a kanta daban na wanda ya zauna aka kawo masa daban, a wannan shagon bambancin kaɗan ne amma in ka shiga manyan wuraren tsakiyar gari zama kawai zai iya ninka maka kuɗin. Babu ciniki, babu kallon tufafinka a yanka maka. Ko kofi ɗaya ka sha sai an baka rasit, kuma tun ƙarshen Yunin 2022 duk mai shagon da ya ƙi karɓar kati ana iya cinsa tara, ba'a kuma yarda ya ɗora maka ko sisi don ka biya da kati ba. Duk sanda na ɗora waya a kan na'urar nan na biya yuro ɗaya da 'yan kai sai in tuna wahalar da kuka sha a farkon 2023 lokacin canjin kuɗi, mutum ya sayi kuɗinsa da kuɗinsa a wajen mai POS. Wuta kuwa ba ma a maganarta, firji uku da injin kofi da tanda duk suna aiki dare da rana babu janareta a lissafi, amma kada kace kyauta ce, a 2022 bayan yaƙin Rasha da Ukraine kuɗin wuta da gas ya yi tashin da masu shaguna da yawa suka riƙa manna takardar bil a gilashin ƙofa don kwastoma ya gani da idonsa, su ma nan sun manna, matar maigidan har kuka ta yi a gabana. Ruwan sha kuma garin na da famfunan titi korra masu kan bijimi, kusan 800, suna zuba dare da rana kyauta, babu mai saida maka ruwan leda.

Abu ɗaya da duk ɗan uwa Musulmi da ya shigo ƙasar nan ya kamata ya sani, sai ka tambaya kafin ka ci. Rabin abin da ke cikin gilashin nan na sanwici naman alade ne, wani briyosh ɗin ma da kitsen alade ake yinsa, kuma akwai kofin da ake ɗiga wa giya. Dokarsu ta sa a ajiye takardar abubuwan da ke cikin kowane abinci, kuma matar maigidan tunda ta gane bana ci ita da kanta take nuna min, wannan na kifi ne, wannan tumatir da cuku, wannan kada ka taɓa. Da azumi in ta ga ban shigo ba ta san dalili, wani lokacin da magariba zan tarar ta naɗe min biredi biyu a takarda.

To tarihin gidan, daga bakin tsohuwar na ji shi, mahaifiyar maigidan, kowa Nonna yake ce mata, wato kaka, ta haura tamanin amma har yau ita ke zama a wajen akwatin kuɗi da safe, kuma in ka bata dama sai ta baka labarin tun daga farko. Su ba 'yan Torino bane, 'yan ci-rani ne daga Kalabriya can kudu, inda a lokacin babu komai sai noma da talauci. Mijinta ya hawo jirgin ƙasan da suke kira jirgin rana, wanda ke kwaso mutane tun daga Sisili ya sauke su a Porta Nuova, da akwatin kwali ɗaure da igiya, ya samu aiki a kamfanin motoci na Fiat a Mirafiori, masana'antar da aka buɗe a 1939 wadda a ganiyarta ta ɗauki ma'aikata sama da 50,000. A shekarun nan garin ya kumbura daga mutum wajen 700,000 a 1951 zuwa kusan miliyan 1.2 a farkon shekarun 1970, yanzu kuma ya dawo wajen 850,000. Tace da suka zo neman ɗaki a ƙofar gidaje ake rubutawa ba'a ba 'yan kudu haya, 'yan ƙasa ɗaya fa, addini ɗaya, fata ɗaya. Da take faɗa min wannan sai da jikina ya yi sanyi don na san zafin a buga waya a ce ɗaki yana nan, ka je a ga fuskarka a ce an bayar. Ina ganin shi yasa ba ta taɓa yi min kallon banza ba.

Ita ce ta fara kama shagon ba shi ba. Shi yana kamfani, ita tana wanke-wanke a wajen mai shagon na farko, da ya tsufa ya rasa magaji sai ya sayar musu da sana'ar a biya kaɗan-kaɗan, suka sa hannu a takardun bashi, shekaru suna biya. Lokacin kwastomominsu 'yan kamfani ne, masu shiga aikin shida na safe su sha kofi kafin su hau taragu, masu tashi goma na dare su biyo su yi karta, kuma wayar tarho ɗaya ce a layin, ta shagon, nan ake kiran mutum daga ƙauye a ce matarsa ta haihu ko babansa ya rasu, sai a tura yaro ya hau bene ya kira shi. A 1980 Fiat ta tura ma'aikata wajen 23,000 gida bayan yajin aikin kwana 35, a 1982 aka rufe masana'antar Lingotto da ke kusa damu, mijin yana cikin waɗanda abin ya shafa, sai ya karɓi kuɗin sallamarsa ya zuba a shagon ya dawo bayan kanta gaba ɗaya. Tace a shekarun nan littafin bashi ya fi akwatin kuɗi nauyi, akwai waɗanda har suka mutu basu biya ba kuma bata taɓa bin iyalansu ba. A tsakiyar shekarun 1990 unguwar ta yi baƙin suna a duk ƙasar saboda masu saida ƙwaya a bakin tasha, mutane suka riƙa saida gidaje suna gudu, su suka ƙi tafiya.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne. Na daɗe ina tambayar kaina me yasa namu ƙananan sana'o'in basa wuce mai su, in ka cire manyan gidaje irin na Ɗantata, mai shayi ko mai tsire ko mai kanti da ya rasu sai a raba firji da benci a gado shikenan. Ba wai mutanen nan sun fi mu haƙuri ko amana bane, takarda ce ke riƙe dasu. Hayar shago a nan bisa dokar 1978 shekara 6 ce, kuma tana sabunta kanta wata 6 ɗin sai da ƙwaƙƙwaran dalili, ƙarin kuɗin haya yana bin lissafin tsadar rayuwa ne ba son ran mai gida ba, in kuma mai gidan ne ya ce ka tashi daga wurin da jama'a ke shigowa sai ya biya ka kuɗin hayar wata 18 saboda kwastomomin da ka tara. Ka kwatanta da namu, ka biya shekara ɗaya ko biyu gaba, ka gyara wuri da kuɗinka, da mai shago ya ga mutane sun fara cika sai ya ninka haya ko yace ɗansa zai yi amfani da wurin. Sannan tun 1975 dokarsu ta san da sana'ar iyali, matar da ke kicin da ɗan da ke kanta suna da haƙƙi a ribar gwargwadon aikinsu, ba taya Baba aiki kawai suke ba. Suna da akawu na waje da ke riƙe musu lissafi da haraji, kuɗin shago daban na cefane daban, Nonna da kanta in ta ɗauki lemo a firji don baƙonta sai ta rubuta. Don haka ni shawarata kafin ka sayi ko butar shayi, ka zauna da mai shagon nan a rubuta yarjejeniya ta shekaru a gaban lauya da shaidu, a kuma rubuta ƙarara wa ke da me tsakaninka da yaran da zasu tsaya maka.

Amma fa kada in zuga maka su da yawa. A gida mutum da tebur da benci da buta da bashin biredi ɗaya zai fara neman abincinsa gobe da safe, a nan talaka bai isa ba, sai kayi kwas na tsafta da dokokin abinci, sai lasisi, sai duba-gari na hukumar lafiya sun zo sun ga banɗaki da wurin wanke hannu da sanyin firji, sai akawu, sai dubban yuro kafin ka saida kofi ɗaya. Kuma a nan almajiri ko mahaukacin unguwa bashi da kason da mai shayinmu ke ware masa ba tare da ya roƙa ba, mutum zai iya biya wa abokinsa kofi, suna yawan yin wannan, amma bismillah ɗin nan da ake wa duk wanda ya zo wucewa babu ita. A watan Agusta kuma sai su manna takarda su rufe sati biyu ko uku su tafi Kalabriya hutu, unguwa ta yi tsit.

Shida na yamma wurin yake sauya kama. Nonna ta hau sama, maigida ya cire atamfar aikinsa ya miƙa wa 'yarsa makulli, a rage hasken fitila a kunna kiɗa a jera kwalabe. Shan wani abu kafin cin abincin dare al'adar garin ce tun da daɗewa, a nan wani Carpano ya fara haɗa giyar da ake kira bamut a 1786, yanzu kuma abin ya koma ka biya yuro 10 zuwa 12 a baka abin sha ɗaya da farantin abinci, ɗalibai sun mayar dashi abincin darensu don ya fi gidan abinci araha, ga jami'a da kwalejin fasaha duk suna da sassa a kusa. Akwai lemuka marasa giya kamar Crodino ga wanda baya sha. Ni dai da an fara jera kwalaben nake hayewa sama, iyakata da wurin rana, sai ko ranar Lahadi da la'asar in ana ƙwallo, nan kam ana cika, gidan 'yan Juventus ne kamar yawancin 'yan kudu, tsofaffin 'yan gari kuma ƙungiyar Torino suke yi, lokacin da Ola Aina ke buga musu duk kuskuren da ya yi ni ake juyowa a kalla, shekarar 2023 da Osimhen ya ci wa Napoli kofi kuwa har wanda baya gaisawa dani sai da ya miƙo min hannu.

Da can ba nan ne wajen shagalin dare ba, a bakin kogi ake yi, wani wuri da ake kira Murazzi, sai aka rufe yawancin wuraren a 2012 bayan binciken kotu, ga shi jirgin ƙarƙashin ƙasa ya iso unguwarmu a 2011, haya kuma da araha saboda tsohon baƙin sunan, sai matasan suka kwararo nan. Shagon tela, shagon mai gyaran takalmi, kantin kayan miya, ɗaya bayan ɗaya suka koma mashaya. Daga daren Alhamis zuwa Asabar in ka leƙo ta taga wajen sha biyu, Largo Saluzzo da layin Baretti kamar Kantin Kwari ana jajiberin sallah, ba masaka tsinke, kuma kusan kowa a waje yake tsaye da kofin giya a hannu, don tun Janairun 2005 aka hana shan taba a cikin irin waɗannan wuraren, mai shan taba ya fita abokansa su bi shi, sai titin ya zama shine mashayar. Ga ƙananan kantuna masu saida giyar kwalba da araha, yaro ya saya can ya zo ya zauna a dakalin gidan mutane. Doka tace ƙarfe uku a daina saida giya, amma hayaniyar bata san ƙarfe uku ba. In na fito sallar asuba abin da nake tsallakewa ba daɗin faɗa, fasassun kwalabe, amai, zarnin fitsari a bakin ƙofa, wani lokacin yarinya ƙarama da bata wuce sa'ar 'yarka ba a zaune a ƙasa ta yi mankas ƙawayenta na ta jijjiga ta. Wallahi abin yana taɓa min zuciya, yara ne masu ilimi masu ladabi da rana. Sannan a kusurwoyi akwai masu saida ƙwaya, cikinsu har da yaranmu baƙar fata da suka shigo ta teku basu da takarda, manya na amfani dasu, su ake kamawa, mu kuma masu fita aiki da asuba mu ake tsayarwa a tambayi takardunmu.

Gaskiyar da zan faɗa musu ita ce kafin bakwai motocin shara sun bi sun wanke titin tas, fitilu basa mutuwa, a ƙarshen mako akwai bas na dare, mace zata taka ita kaɗai ƙarfe biyu ta isa gida. Namu daren kuma ya fi tsafta ta wani fannin, majalisa, mai shayi, mai tsire, hira har ɗaya na dare kowa da hankalinsa, sai dai duhu da fargabar masu ƙwacen waya.

Mutanen unguwa sun gaji har wasu suka kai hukumar birni kotu kan hayaniyar, a 2021 kotu tace a biya su diyyar sama da yuro miliyan 1, daga baya kotun ɗaukaka ƙara ta rage kuɗin sosai. Iyalin nan kuwa sun rasa inda zasu sa kansu, don waɗanda ke shan kofinsu da safe su ne dai waɗanda basa samun barci da dare, akwai dattijon da shekara da shekaru nan yake karanta jaridar La Stampa, yanzu ya koma wani shagon, ko gaisuwa ya daina. Na sha jin uban da 'yar suna musu da rana in mutane sun ragu. Shi yace safiya ce ta riƙe gidan nan tun kafin a haife ta, ita tace kofi nawa zai saida kafin ya kamo kuɗin abin sha ɗaya na dare, ga haya ga wuta ga haraji, in kiɗa ya canza dole rawa ta canza. Kuma kowa da gaskiyarsa, lokacin korona aka rufe su daga Maris ɗin 2020 har cikin Mayu, da kaka kuma aka ce shida na yamma kowa ya rufe, bashin da suka ci a lokacin da kuɗin dare aka biya shi. Ita dai tana iya ƙoƙarinta, ƙarfe ɗaya take rufewa ba uku ba, bata fitar da sifika waje, tana tambayar katin shaida don doka ta hana saida wa wanda bai kai 18 ba, wanda ya riga ya bugu bata ƙara masa, na sha ganinta ta fito da kanta tana roƙon mutane su rage murya akwai masu barci a sama. Na'urorin caca ma da suke da guda biyu a lungu, da dokar jihar Piemonte ta 2016 ta sa aka kwashe su daga wurare da yawa, ko da aka sassauta dokar daga baya Nonna tace ba za'a dawo dasu ba, ta ga ɗan fansho ya zuba kuɗin watansa a ciki a wuni ɗaya. Ni a ganina uban ya fi gaskiya, don ɗalibin nan shekara uku zai yi ya tafi, gobe in aka ce wata unguwa ce ake yayi duk can zasu koma kamar yadda suka baro bakin kogi, wanda zai rage shine maƙwabcin da aka ɓata wa rai. Amma ba ni ke biyan bil ɗin ba, faɗa da baki yana da sauƙi.

Ƙanin 'yar maigidan injiniya yake karanta, ya riga ya ce shi bazai tsaya a bayan kanta daga shida saura har dare ba, Jamus yake hari. Shaguna da yawa irin wannan a arewacin Italiya yanzu iyalan 'yan China ne suka saye su, don su ne har yanzu ke iya haɗa mata da miji da yara su tsaya awa goma sha biyar, kuma sun koyi haɗa kofin yadda 'yan gari ke so. Su ma nan an zo an taya, kuɗi mai kauri a hannu, maigidan ya faɗa min gwiwoyinsa sun gaji kuma tayin ya shiga ransa, 'yar tace a bata shekara biyu ta gwada rufewa sha ɗaya a ranakun aiki ta ƙara abincin rana na ma'aikatan ofis ko zai cike giɓin. Nonna tace muddin tana numfashi babu mai sa hannu, kuma lasisin har yau da sunanta yake.